Rabon Ruwa a Gindin Misfala

Da ana iya mayar da magana ciki bayan ta fita, da na mayar da wata tambaya da na yi wa wani tsoho a gaban jama'a, a gindin unguwar Misfala ta Makka, lokacin ina ji da ƙarfina. Cewa na yi ya nuna mini takarda. Na san ba shi da ita, na kuma san babu wanda ya taɓa rubuta ta, shi ya sa ma na tambaya. Abin da ya biyo baya ya raba gidaje masu yawa da abincinsu, har da nawa gidan, kuma duk zirga-zirgar da na yi daga baya don in gyara ba ta gyara komai ba.

Ni Bakano ne, daga wani ƙauye na bakin rafi inda ake noman lambu da jigo. Karatuna na allo ne, sai ɗan abin da na tsinta a zauren malamai. Na fito aikin hajji a ƙafa ni da matata, yadda ake yi a wancan zamani: a yi tafiya har guzuri ya ƙare, a tsaya a yi ƙwadago, a ƙara gaba. Mun daɗe a Sudan muna tsinkar auduga a gonakin Jazira kafin mu samu na jirgin ruwa. Da muka iso Makka muka sauke farali, sai komawa gida ta gagara, na shiga sana'ar da yawancin mutanenmu suke yi, wato ga-ruwa. Garwa biyu a sanda, daga wurin ɗiban ruwa zuwa saman benayen mutanen gari, tun asuba har kafaɗa ta daina jin komai.

Wanda ya san Misfala ta yau da masaukan alhazai ba zai gane wurin da nake faɗa ba. A lokacin, in ka bi kwarin ka yi kudu, gidajen dutse sukan ƙare, ka shiga bukkokin 'yan Takari na itace da buhu da fasassun garewani. Takari shi ne sunan da ake kiran mu baƙaƙen fata da muka zo daga yamma. Gaba kaɗan akwai wata tsohuwar birka, wato babban tafki na gini da ake tara ruwa. Rarar ruwanta takan malalo da safe ta bi wani ɗan lambatu ta gangara kwari. Shi muke kira kogi. Akuya tana tsallake shi ba ta ko ɗaga kai daga abin da take ci, amma in baƙo ya yi mana dariya mukan ce ya nuna mana wanda ya fi shi girma a duk Makka.

A bakin wannan kogi mutanenmu suke da 'yan lambuna, kuma kashi biyu ne. Na ƙasa tsofaffin zuwa ne, yawancinsu Zage-zagi da Sakkwatawa, wasu ma a nan aka haife su, Larabci ya fi Hausa yawa a bakinsu. Su suka fara share wurin, suka zaɓi can gangare inda ƙasa take da laushi. Na sama kuwa mu ne, sababbin zuwa ta Sudan, waɗanda aka bar wa gefen da ke kusa da birka, inda tsakuwa ta fi ƙasa yawa. Ana shuka lalo, wanda mutanen gari suke saya da sunan mulukiya, da albasa da kuɓewa da yakuwa, sai barsim, ciyawar da masu jakuna ba sa iya kwana ba su saya ba.

Babban mutanen ƙasa wani tsoho ne Bazazzagi, gajere, mai faɗin ƙafa, diddigensa duk faso. Kowa Baba yake ce masa. Shi ya tsayar da ni wata rana ina ɗauke da garewani, ya kama hannuna ya juya tafin ya duba.

Ya ce, "Kai daga ina?"

Na ce, "Daga Kano, Baba."

"Ashe bawana ne. To bawana, wannan hannun na mai fartanya ne, me kake yi da sandar ga-ruwa?"

Na ce, "Baba, yaushe Bazazzagi ya samu kuɗin sayen Bakano?"

"Tun kafin a haifi kakanka. Araha ma kuka yi, har gyara aka ba ni."

Washegari ya kai ni gefen sama, ya yi wa mutanen wurin magana aka yanka mini wuri. Ya ara mini fartanya, ya ba ni irin lalo a ƙulle cikin tsumma. Da wannan na ajiye garwa, matata kuma ta riƙa kai ganye kasuwa.

Ruwan ba ya isar kowa a lokaci ɗaya, saboda haka akwai yarjejeniya, kuma an yi ta tun kafin zuwana. Labarin da na tarar shi ne, da mutanen sama suka fara zama, dattawan ɓangarorin biyu suka kira wani malami, ya gaya musu hukuncin da ke cikin littattafai: in ruwa mai gudu ya bi ta gonaki, na sama ya riƙe shi har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sakar wa na ƙasa. Aka yarda, aka shafa fatiha, aka farfasa wani busasshen goro ɗaya da wani alhaji ya taho da shi, kowa ya samu ɓarin da bai fi ƙwayar gero biyu ba. Shi ke nan abin da aka yi.

Yadda ake aiki da ita kuwa, bayan an fito sallar asuba Baba yakan hauro wurinmu, ya tattare zanensa, ya shiga fangali na ƙarshe cikin fangulanmu ba takalmi, ya tsaya. Mu kuma mu datse lambatun da laka, ruwa ya bi fangali bayan fangali har ya iso inda yake. In ya taɓa ƙashin idon sawunsa sai ya ɗaga murya ya ce, "Ya kai!" Ɗayanmu ya sa fartanya ya fasa datsin, ruwa ya wuce musu. Ƙafar mutumin ƙasa ce take awo a gonar mutumin sama, kuma ban taɓa jin an yi musu a kan kiran nan nasa ba, sai dai tsokana. Mukan ce an cuce mu da aka kawo gajere, idon sawunsa a ƙasa yake, a nemo mana dogo. Shi kuma ya ce ba shi ya zaɓi tsawonsa ba, kuma da Bakano aka sa ya tsaya, da sai ruwa ya kai masa wuya zai ce ya kai.

Haka muka zauna shekaru, har shekarar babbar ambaliya, wadda ruwa ya cika Harami. Lokacin ana yaƙin Turawa, alhazai sun yi ƙaranci, abinci ya yi tsada, mutanen da ba su taɓa tsayawa taya ganye ba sun koma tayawa. Ruwan ya biyo kwari ya sauko kanmu, ya kwashe bukkoki da fangula, na sama da na ƙasa bai bar wa kowa ba. Da ya janye muka haɗu muka gyara lambatun tare, kowa ya sake tayar da kunyoyinsa.

Sai dai ambaliyar ta bar wani abu. A gefen fangulanmu na sama akwai wani fili mai faɗi, wanda a da duk tsakuwa ne, ko ƙaya ba ta fitowa. Yanzu laka ta kwanta a kansa mai kauri, baƙa, tana tsattsagewa a rana. Ni da na tashi a bakin rafi na san irin wannan laka, na ɗebo na murza a hannu na sansana. Ban yi shawara da kowa ba na fara yanka sababbin fangula a kanta. Lalon da ya fito a wurin ban taɓa ganin irinsa a Makka ba. Da maƙwabtana suka gani kowa ya ɗauko fartanya, kafin a jima gonakin sama sun ninka, sun ma wuce.

Ruwan birka kuwa bai ƙaru ba. Baba yana nan yana haurowa bayan asuba, amma fangali na ƙarshe ya yi nisa, kuma sabuwar lakar tana shan ruwa kamar raƙumi. Yakan tsaya har rana ta fito daga bayan dutse, har ta yi zafi, ruwa bai iso ƙafarsa ba. In ya iso ya ce ya kai, aka fasa datsi, abin da ya rage a lambatun ba ya wuce a jiƙa fangulan farko na mutanen ƙasa. Da fari yana yi yana tsokana, yana cewa Kanawa sun mayar da shi turke. Daga baya ya fara zuwa da sanda yana dogarawa, kuma na lura ƙafafunsa suna rawa. Ina ganin haka kullum ina kau da kai. In na leƙa gangare nakan hango barsim ɗinsu ya yi ruwan ɗorawa.

Bai fara kai maganar gaban kowa ba, gidana ya zo. Matata ta shimfiɗa masa buhu ta dafa shayi. Da ya sha ya kama hannuna muka fita, ya nuna mini wani ƙaton dutse da ke bakin tsofaffin fangulanmu.

Ya ce, "Ranar da aka shafa fatiha, nan gonakinku suka tsaya. A kan wannan aka ce idon sawu. Ban ce ka rushe abin da ka shuka ba, arziki ne Allah Ya kawo. Tsofaffin su sha, a sakar mana mu sha, in ya rage sababbin su sha."

Maganar nan babu abin da ya fi ta daidai, kuma tun a lokacin na san haka. Amma na san in aka bi ta, sababbin fangula ba za su samu komai ba sai ranar da aka yi sa'a, ga shi su ne suka fara sa mana nama a miya. Na ce masa zan yi tunani.

Akwai kuma wani abu da na taho da shi daga Sudan yana cina. A Jazira na ga kogi na gaske, wanda ba ka hango mutum a ɗaya gaɓar. Duk da haka akwai watannin da ake taƙaita ruwan da ke shiga gonaki, ana kallo yana wucewa arewa. Na taɓa tambayar mai gadin ƙofar ruwa dalili, ya ce Turawa da Masarawa sun yi takarda a kan kogin, ruwan waɗannan watanni na Masar ne tun bai iso can ba. Ni ban san abin da ke cikin takardar ba, ban ma san wanda ya sa hannu ba. Abin da kawai na ɗauka shi ne, takarda ce take ɗaure ruwa, inda babu ita kuwa ruwa na wanda ya fara isa gare shi ne. Sai na riƙa gaya wa kaina, can na ga na sama yana kallon ruwa yana wuce shi, yau ga ni a sama kuma babu takardar da ta ɗaure ni.

Da na gaya wa matata abin da na yanke, ta daina tsinkar ganyen da ke gabanta.

Ta ce, "Malam, mutumin nan fa shi ya ara maka fartanya."

Na ce, "Ai na mayar masa da ita."

Ta kwashi ganyenta ta koma bayan bukka.

Muna da shehunmu na unguwa, dattijon da yake sasanta 'yan Takari in sun saɓa, daga rikicin aure har na iyakar bukka. Kuma muna da wata al'ada da ko yaro ya sani: Takari ba ya kai Takari gaban hukuma. Duk baƙi ne mu, zaune a kan ƙasar da babu wanda ya ba mu da hannunsa, ana dai ganinmu ana ƙyalewa. Maganarmu a cikinmu take mutuwa, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba.

Shehu ya tara mu bayan la'asar a inuwar katangar birka. Mutanen sama suka tura ni gaba don an ce bakina ya fi kaifi. Baba ya faɗi abin da ya faɗa mini a gida, bai ƙara ba bai rage ba. Ni kuma na ce yarjejeniya ta ce idon sawu, ba ta ce fangali nawa ba, kuma mu ba mu taɓa fasa datsi kafin ya ce ya kai ba, ba mu taɓa riƙewa bayan ya ce ba, to ina laifinmu? Malamin da ya yi hukuncin ya riga ya rasu. Baba ya ce shi yana wurin, a kan idonsa aka nuna dutsen.

A nan na ce, "To Baba, ina takarda? A nuna mana inda aka rubuta dutse."

Wani daga mutanen ƙasa ya yi salati da ƙarfi. Baba ya dube ni ya ce, "Ɗana, mu da muka yi ta ba mu iya rubutu ba. Fatiha muka shafa."

Na ce, "Fatiha ba ta ƙirga fangali ba."

Har yau in na tuna bakina ne ya faɗi wannan, nakan yi istigfari.

Shehu ya yanke abin da kowane mai hankali zai yanke, ya ce a bi maganar Baba, sababbin fangula su jira. Na miƙe na ce ban yarda ba, hukuncin littafi yana tare da na sama, zan je gaban alƙali ya faɗa da bakinsa. Shehu ya ce in zauna, na ƙi. Ya ce, "Yaro, ba a gayyatar kura rabon nama. In ka fita da maganar nan daga cikinmu, ba za ta dawo mana ba." Mutanen sama da suka tura ni gaba, wasunsu suka fara ja mini riga ta baya. Amma na riga na yi magana a gaban jama'a, kuma a lokacin gani nake janyewa ta fi komai muni.

Alƙalin mutum ne mai haƙuri, ba zan ɗora masa komai ba. Ni ta bakin tafinta na yi magana, Baba kuwa da bakinsa, don Larabcinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Alƙali ya saurare mu har muka gama. Ya ce hukuncin idon sawu gaskiya ne sananne, amma malamai sun yi magana kuma a kan wanda ya riga raya wuri, ko da a ƙasa yake, in na sama zai halaka masa shuka. Sai ya tambaya, filin na wane ne, ruwan kuma na wane ne? Na dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. Alƙali ya ce ba zai raba wa mutum biyu abin da yake na mutum na uku ba, sai an nemo mai shi.

Aka kuwa nemo. Ashe kwarin daga bakin birka har gangare na wani gida ne na cikin gari, gado ne da ya daɗe ba a raba ba, magadan suna ɗaukar wurin tsakuwa ce da ba ta da amfani. Wakilinsu ya zo a kan jaki da hujjarsa, wato takardar mallaka mai hatimai, a naɗe. Ya sauka ya zagaya, ya ga lalo kore shar a kan sabuwar laka, ya tsuguna ya murza ƙasar a hannu kamar yadda na yi. Bai zage mu ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce mu girbe abin da ke ƙasa, bayan haka kada a sake shuka.

Da muka girbe, magina suka zo. Aka ja katanga ta kewaye na sama da na ƙasa gaba ɗaya, aka karkata lambatun ya shige ciki ta wata ƙofa mai ƙarfe, aka ba wani mutum hayar wurin, ya zo da ma'aikatansa.

Kafin katangar ta kai kafaɗa na fara yawo. Na je gidan wakilin na zauna a ƙofa har ya fito. Na ce ni ne mai laifi, a kore ni da mutanen sama, a bar wa tsohon nan ko da fangulansa na can ƙarshe, ya kusa shekara arba'in yana wurin. Ya ce abin ba a hannunsa yake ba, magada suna da yawa kuma akwai marayu a cikinsu, ba ya da ikon yin kyauta da dukiyar maraya. Na koma wurin shehu, ya ce, "Me kake so in yi? Da tana hannuna na yanke, ka ƙi." Na koma har kotun na ce na janye ƙarata. Magatakarda ya sa tafinta ya maimaita, don yana zaton bai ji daidai ba. Ya ce ƙararka da wannan tsoho ai ba a ma yanke ta ba, mai fili ne ya karɓi filinsa, wannan kuwa ba naka ba ne da za ka janye. Na tsaya a bakin ƙofar har aka ce in matsa mutane su wuce.

Daga nan mutane suka watse. Masu ƙarfi suka tafi Jidda dako a bakin teku. Wasu suka hau tsaunin Nakkasa suka kafa bukkoki, inda ko ruwan sha sai an hau da shi a kafaɗa. Wasu da yaƙi ya lafa suka tsallaka Sudan. Ni na koma sandar ga-ruwa. Mutanen sama da muka yanka fangulan tare suka daina amsa mini sallama da kyau, kuma ban ga laifinsu ba, ko da yake babu wanda na riƙe wa hannu ya kama fartanya.

Baba ya tsufa da ɗaukar garwa, ba shi kuma da ɗa namiji a raye. Sai ya koma zama a bakin kasuwar Misfala da ɗan buhu a gabansa, yana saro ganye yana kasawa. Yawancin ganyen daga cikin katangar nan yake fitowa, yakan je ƙofar da sassafe ya bi layi tare da mata masu sari. Ribar ba ta isa ci sau biyu. Nakan biya in cika masa tulu ba tare da ya nema ba, matata kuma takan aika wa matarsa abin da ya samu. Yakan karɓa ya yi mini godiya da Larabci, irin wadda ake yi wa kowane mai wucewa. Tsokana ta ƙare tsakaninmu. Jikinsa ya riƙa zubewa a kan idona, kuma ban da ruwan tulu ba ni da abin da zan iya.

Da ya kwanta ciwon ajali na je. Zafin azahar ne, an kwantar da shi a bakin bukka don ya samu iska, matarsa tana yi masa fifita. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo neman gafara." Na ɗauka ba ya ji, sai ya buɗe ido.

Ya ce, "Nawa na yafe tun tuni. Ba na son in tsaya da kowa gobe ƙiyama, ƙafata ta gaji." Ya huta kaɗan, ya ce, "Amma ni ba ni kaɗai ne a ƙasa ba. Nasu ba ya hannuna."

Ya fara ambaton gidajen ɗaya bayan ɗaya, gidan wane da gidan wance, da wadda mijinta ya rasu ta riƙe 'ya'ya da fangali uku na albasa. Bai kai ƙarshe ba numfashi ya gagare shi, matarsa ta ce in bar shi haka. Bayan kwana kaɗan muka kai shi makwancinsa.

Na nemi waɗannan gidaje iyakar ƙarfina. Na Nakkasa na same su, wasu suka ce sun yafe, wani ya ce in je sai ya yi tunani, ya rasu bai aiko ba. Na bi mota zuwa Jidda neman matar nan mai albasa, aka nuna mini inda take wankau. Ta aiko 'yarta ta ce ba ta nan, alhali ina jin muryarta a ciki. Waɗanda suka tsallaka teku kuwa, na yi ta tambayar alhazan da ke zuwa ta Sudan shekara da shekaru, babu wanda ya san su. Yanzu na kai shekarun da ba na iya zuwa ko Harami sai an riƙe ni, kuma na san sauran ba zan same su a duniya ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan ya isa hannunsa. In kana raba ruwa, ko wani abin da rai ya dogara da shi, da mutanen da ke ƙasa da kai, kuma Allah Ya buɗa maka, to ka je ka zauna da su a sake magana kafin ka ƙara ko taki ɗaya. In dattijon da aka yi alkawari a kan idonsa ya gaya maka yadda aka yi, ka karɓa. In kuma an yanke muku a cikin gida bai yi maka daɗi ba, ka haɗiye, don ba ka san abin da ke jiran ku duka a waje ba. Don girman Allah kada ka yi abin da na yi.